Ruwan da Badaru Ya Riƙe

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tudun Kaya ranar kasuwar Karaye ya san randar da ke ƙofar gidan Badaru, a gindin darbejiya, rabinta binne cikin yashi, da moɗa a kan murfi. Ya kuma san mai randar, domin Badaru ba ya barin mutum ya wuce salin-alin. Ko a kan babur kake sai ya ɗaga maka hannu kamar ɗan sanda, ka ci birki gabanka na faɗuwa, sai kawai ka ga ya miƙo moɗa. In ka ce ka sha a gida, ya ce, "Na gida ya wuce, sha wannan." Kuma ba zai ɗauke ido daga maƙogwaronka ba sai ya ga ruwan ya faɗa. 'Yan acaɓa sun sa masa suna Baba Sha-ka-wuce, suna yi suna ƙyaƙyata dariya. Ba a ga laifinsu ba, yawancinsu suna goye lokacin da abin ya faru.

Badaru manomi ne ɗan manomi, dawa da gyaɗa yake yi kamar kowa. Sai dai Allah ya yi masa hannun doki. A shekarun ƙarfinsa attajiran Karaye da na Rogo, har da wasu daga birni, nan suke kawo dawakin tserensu ya kiwata musu ya hore su. Ya san harawar da za a ba doki da wadda za a watsa wa awaki, ya san lokacin jiƙa gero da lokacin kanwa, kuma kowace safiya yana can bakin fadama ana kilisa a kan yashi. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, wato hawa. Mutum ne mai ƙashi da faɗin ƙirji, doki in ya hango shi da sirdi sai ya yi ajiyar zuciya.

Mahayinsa Jibo ne, Bafulatani daga wata ruga a bayan Yola ta Karaye, siriri kamar karan dawa, wanda in ya kwanta a wuyan doki sai ka rantse dokin shi kaɗai yake gudu. Tare suka taso, kuma daga baya Jibo ya auri Tasalla, ƙanwar Badaru uwa ɗaya uba ɗaya. Surukuta ba ta hana su wasa ba. Jibo bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai Kaɗo, shi kuma ya ce masa ɗan Fulani mai cikin fura.

A da babu ruwan kowa da nauyi, kowa ya ɗora wanda ya ga dama. Sai ƙungiyar masu tseren ta kawo sikeli, ta kuma kawo doka. Kowane doki an yanka masa nauyin da zai ɗauka. Mahayi zai hau sikeli da sirdinsa kafin tsere, ya sake hawa bayan an gama. Wanda bai kai ba a cika masa da dalma a jakar sirdi, wanda ya zarce ya koma gefe ya yi kallo. Daga saukarsa kan doki har ya taka sikeli, ba mai taɓa shi, ba mai miƙa masa komai, ko da kurɓin ruwa ne, domin an sha kama masu yar da dalma a hanya, a zura musu wata a aljihu ko su ɗirki ruwa su cike gurbi. Kuma duk abin da ya sami doki ko mahayi, ba mai dokin za a tambaya ba, yana wuyan mai horarwa. Badaru yana cikin waɗanda suka fi murna da wannan doka, don an sha cutarsa a baya. Har alfahari yake yi cewa shi ba a taɓa kama shi da ko ƙwayar gero ba.

To, shekaru suka fara tafiya, tuwon Tasalla kuma ba na wasa ba ne. Jibo ya fara yin nama. Ba wani nama na a zo a gani ba, amma sikeli ba ta da kara.

A nan ne Badaru ya yi dabarar da har yau yake tsine wa ranar da ta faɗo masa. A ɗakin marigayiya mahaifiyarsu akwai gadon ƙasa, irin mai rami a ƙarƙashi da ake zuba garwashi, wanda kowace mai jego a gidan ta kwanta a kansa tana gasa jiki. Ya sha ganin yadda mata ke fitowa daga ɗakin sharkaf da gumi. Ya ce, to, me zai hana? In tsere ya matso, sai a hura gadon, Jibo ya ƙudundune cikin bargo ya kwanta har ya tsiyaye. Namiji bai san kan wannan wuta ba, saboda haka Tasalla ce take hurawa, ita ke sanin inda za a tura garwashi da lokacin da za a janye. Abin ya yi aiki, ya kuma zama abin dariya a gari. Mutane su tare Jibo a masallaci suna tambaya, "An sauka lafiya? Me aka samu?" Shi kuma ya ce, "Namiji ne, sunansa Kilo Biyu." Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Sai wata shekara aka ɗage tseren da ake yi a wani fili kusa da Rogo, aka kai shi tsakiyar bazara. Dokin da Badaru ya shigar akawal ne, baƙi wuluk, mai ƙarancin shekaru, nauyin da aka yanka masa kuwa ya yi ƙasa ƙwarai. Jibo ya daɗe a kan gadon fiye da kullum. Ya bar fura, ya bar tuwo, ruwa ma sai dai ya kurkure baki ya tofar. Ya hau sikeli da safe, aka ce daidai. Ya hau doki, ya kuwa zo na ɗaya, da ratar da har makaho zai shaida.

Ya sauka, ya kwance sirdi ya rungume, ya nufi rumfar awo. Sai hannun sikelin ya maƙale. Mai awo ya shiga bubbuga ta yana hura mata iska, mahaya na tsaye a layi cikin rana. Badaru yana bayan igiyar da aka kewaye wurin da ita, taku kaɗan tsakaninsu, riƙe da gorar ruwan da Tasalla ta naɗe da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya yi zafi. Jibo ya juyo ya dube shi.

"Kaɗo," ya ce, "ba ni ruwa."

Wanda bai san Fulani ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Jibo mutum ne da zai wuni da kai a daji bai ce yana jin ƙishi ba. Ko a gidan Badaru, in an kawo masa ruwa sai ya juya baya, ya kurɓa kaɗan kamar mai sata. Irin wannan mutum ya buɗe baki a gaban jama'a, gaban yayan matarsa, ya roƙi ruwa, ai ba ƙishirwa ba ce kawai. Badaru ya fi kowa sanin haka. Amma alƙalan tsere na kallo, kofi na kan tebur, ga kuma sunansa da ba a taɓa ɓatawa ba.

"Bari a gama awo," ya ce masa.

Jibo ya gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Sikeli ta gyaru, ya taka, mai awo ya ɗaga murya ya ce daidai ne, fili ya kaure da ihu. Jibo bai sauko ba. Gwiwoyinsa ne suka lanƙwashe, ya zube a nan kan sikelin da sirdi a ƙirjinsa. Badaru ya tsallake igiya ya kafa masa gorar a baki, ruwan ya bi gefen leɓe ya gangara wuya. Kafin mota ta kai su Karaye rai ya yi halinsa.

Kwamiti ya zauna ya ce nasara ta tabbata tunda awo ya cika, amma an dakatar da mai horarwa na wasu shekaru, don shi ya kawo mahayin da bai kamata ya hau ba. A gari kuwa ba wanda ya ɗora masa laifi. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce kwana ne ya ƙare. Tasalla ta yi takabarta ta gama, ta dawo gidan Badaru da ɗanta yana ƙarami, ba ta taɓa ce masa uffan a kan maganar ba, shi ma bai taɓa ce mata ba. Da za ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya mayar wa kowa da dokinsa, ya tuge turaku, ya sa kwaɗo a ɗakin gadon. Kofin ya ajiye shi a bayan rumbu, kaji ne suke shan ruwa a ciki. Daga nan ya binne randa a ƙofar gida. Amma abin bai bar shi ba. Wasu mutane nasu abin tsoron cikin duhu yake zuwa, na Badaru da rana tsaka yake zuwa, gab da azahar, lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi gari ya yi tsit. Sai ya ji warin gasasshen yumɓu, sannan ya ji muryar a daidai kafaɗarsa ta dama, ba da faɗa ba, ba da kuka ba, kamar dai yadda aka faɗe ta: Kaɗo, ba ni ruwa. Ya je wurin malamai, ya sha rubutu, ya yi sadaka. Muryar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Yaron da Tasalla ta dawo da shi, Muntaka, ya girma ya zama saurayi, kuma duk ƙoƙarin da aka yi na tura shi gona ko gareji ya tashi a banza. Jini ya ja shi birni, ya zama mahayi, ana jin labarinsa a filayen Kano da Katsina. Fuskar ubansa ya ɗauko sak, amma ƙashin na gidan Badaru ne, kuma wannan mugun gado ne ga mai hawan tsere.

Bazarar da ta wuce ya dawo Tudun Kaya janye da wani jan doki ɗan Sudan, na Alhaji Bahauddeen, wani dillalin hatsi a Rogo. Ya durƙusa a gindin darbejiya.

"Kawu, ina wuni. Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, Muntaka. Ya hanya, ya mutanen birni? Ungo, sha."

Muntaka ya karɓi moɗar, ya taɓa ta da leɓe, ya ajiye. Badaru ya ga maƙogwaron bai motsa ba.

Saurayin ya faɗi abin da ya kawo shi. Za a yi tsere a filin nan na Rogo, ba a shigar da doki sai da sunan mai horarwa, kuma Alhaji ya ce ba ya son kowa sai Badaru, tunda dakatarwar ta daɗe da ƙarewa. In aka ci, Alhaji zai riƙe shi a matsayin mahayinsa na dindindin, ya daina yawon neman hawa, ya yi aure. Sai ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa nauyinsa ya ɗan haura, ko Kawu zai ba shi makullin ɗakin Kaka.

"Babu," in ji Badaru. "Ba suna, ba makulli. Tashi ka gaida uwarka."

Washegari Tasalla ta same shi yana cika randa. Ba ta faɗin sunan ɗan fari, don haka ta ce, "Yaya, ɗan naka fa ƙwayoyi na gani a aljihunsa, irin masu sa fitsari. Rigar leda yake sawa a ƙarƙashin kaya yana gudu a rana. In ka ƙi, wani zai ba da suna, wanda ko kallonsa ba zai yi ba." Badaru ya ci gaba da cika randarsa.

Bayan kwanaki kaɗan yana dawowa daga gona wajen azahar, sai ya ji warin nan na gasasshen yumɓu. Ya tsaya yana jiran muryar kamar kullum. Sai ya ga hayaƙi na gaske yana fita ta saman ɗakin mahaifiyarsu, kwaɗon a ɓalle yana reto. Ya tura ƙofa. Ga mutum a kan gadon, ƙudundune cikin bargo, fuska ga bango, ƙafafu sirara sun leƙo. Badaru ya dafa bango. Mutumin ya juyo, fuskar Jibo ce, ba ragi. Sai da ya ce "Kawu" sannan Badaru ya dawo hayyacinsa, kuma ya ji tsoron da bai taɓa ji ba tun ranar da ya tsallake igiya.

Ya kwashe garwashin da shebur ya watsar a tsakar gida. Sannan ya ce ya yarda, a sa sunansa, amma da sharaɗi: ba gado, ba ƙwaya, kuma a gabansa za a ci a sha. Muntaka ya amsa da to. Ya kuwa riƙa zama a gabansa yana cin loma kaɗan, yana kurɓar ruwa, in ya zagaya bayan gida Allah kaɗai ya san abin da yake yi. Dokin dai ya yi kyau a hannun Badaru, har tsofaffi suna cewa hannun bai mutu ba.

Ranar tsere rana ta fito da fushi. Filin bai canza ba, sai dai sikelin yanzu mai lamba ce, ba ta maƙalewa. Muntaka ya taka da sirdinsa, mai awo ya duba ya ce daidai. Alhaji Bahauddeen ya washe baki yana gyara babbar riga. A doka ba abin da ya rage sai hawa.

Badaru ya matso don ya ɗaga shi kan doki, sai ya lura da wani abu. Kowa a filin yana zufa, har dokin, amma goshin Muntaka a bushe yake ƙayau. Akwai abin da kowane mai kiwon doki yake yi kafin ya saki dabba a irin wannan rana: ya tsunkuli fatar wuya ya saki, in ta koma nan take to akwai ruwa a jiki, in ta tsaya to ko da kuɗin duniya ba a gudu da wannan doki. Ya yi wa dawaki haka ba adadi. Ya yi wa akawal ɗin nan haka da safiyar ranar, ya tuna sarai. Jibo ne kawai bai yi wa ba.

Ya kama hannun Muntaka ya tsunkuli fatar bayansa ya saki. Fatar ta tsaya cak kamar an naɗe tsumma.

Badaru ya saki hannun, ya taka zuwa teburin alƙalai. "Ranku ya daɗe, ni ne mai horar da jan dokin can. Na janye shi. Mahayina ba zai hau ba."

Babban alƙalin ya dube shi ta saman tabarau. "Malam Badaru, awo ya cika fa. Ka san wanda ya janye bayan awo, doki lafiyarsa ƙalau, an cire sunansa ke nan. Kai kuma wannan ne karo na biyu, ba dawowa."

"Na sani. Ba a wuyana kuka ce yake ba? To na janye."

Alhaji ya yi ta bambami yana cewa an ci amanarsa. Muntaka ne ya zo ya tsaya a gaban kawunsa, leɓɓansa sun tsattsage, muryar ma da ƙyar take fita.

"Kawu, ka kashe ubana da ƙishirwa, ni kuma ka kashe ni da kunya a gaban mutane?"

Waɗanda ke kusa suka yi salati. Badaru kuwa wani irin sanyi ya ji ya sauko masa, domin shekarun nan duka jiran wanda zai faɗa masa wannan maganar yake yi, sai ga shi ta fito daga bakin da ya fi cancanta.

"Haka ne," ya ce, yana miƙa masa gorar ruwan da ya zo da ita. "Ni na kashe shi. Ungo, sha."

Muntaka ya kaɗe gorar ta faɗi, rabin ruwan ya tsiyaye a ƙasa. Badaru ya sunkuya ya ɗauka, ya share bakinta da hannun riga, ya sake miƙawa. Can aka saki dawaki, jama'a suka ruga bakin igiya, aka bar su su biyu. Muntaka ya yi kamar zai juya ya tafi, sai ƙafa ta ƙi, ya zauna daɓas a kan sirdinsa. Ya daɗe yana kallon gorar. Sannan ya fizge ta ya kafa kai, Badaru na tsaye yana kallon maƙogwaron yana hawa yana sauka har ta ƙare.

"Akwai saura?" in ji Muntaka, bai ɗago ba.

Washegari da sassafe Muntaka ya bi motar farko ya koma Kano, bai yi wa kawunsa sallama ba, har yau kuma bai kira shi ba. Ana cewa ya ci gaba da hawa a wasu filayen, inda Badaru ba shi da suna ba shi da iko. Tasalla da kanta ta ɗauki taɓarya ta rushe gadon ƙasar, ta kwashe ɓaraguzan a kwando. Da Badaru ya zo taya ta sai ta ce, "Bari, Yaya. Ni na san inda wutar take." Iyakar abin da suka taɓa faɗa wa juna a kan mutuwar Jibo ke nan.

Wasu sun zaci daga ranar muryar za ta ƙyale shi. Tasalla ma ta tambaye shi sau ɗaya, a kaikaice, ko yanzu yana samun hutawa da rana. Ya girgiza kai. Ya ce wanda ya sha daban, wanda ya roƙa daban.

Yana nan a gindin darbejiya. In azahar ta kawo jiki, hanya ta ɗauke ƙafa, za ka ga ya tashi ya buɗe randa, ya cika moɗa, ya juya dama ya miƙa. Yakan daɗe a haka, hannu a miƙe, har sai wani mai wucewa ya tausaya ya karɓa.